Mutum Nawa Ne a Cikin Dubu Goma?

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba. "Yau kuma ƙirga za a koya mana? Mu da muka iya ƙirga tun muna wasan langa a ƙofar gida?" To ku yi haƙuri ku gyara zama. Ban yi musun kun iya ɗaya, biyu, uku ba. A cikinku ma akwai waɗanda in suka lashi yatsa suka kama damin 'yan dubu-dubu, injin banki sai ya sara musu. Tambayata 'yar ƙarama ce. Ranar da aka miƙo muku rahoto mai bango mai sheƙi, aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa mutum dubu goma sun amfana, wa ya taɓa ɗaga hannu ya ce: yallaɓai, dubu goman nan kawuna ne ko layuka?

Kun ga an yi tsit. Alhaji ne kawai can baya ya taɓe baki, wai ina bambancin. Ranka ya daɗe, ka taɓa yin walima? Mai rabo ya zo ya ce maka an fitar da faranti ɗari uku, sai ka shiga gaya wa abokai mutum ɗari uku suka zo maka. Alhali yaran unguwa kowa ya bi layi sau uku, har da wanda ya cire hula a zuwa na biyu don kada a gane shi. Mai rabo bai yi maka ƙarya ba, faranti ya ƙirga. Kai ne ka mayar da su mutane.

Rumbun bayanai na kwamfuta ba ya ganin fuska. Jadawali ne kawai: duk lokacin da wani abu ya faru, a buɗe masa layi, kowane layi kuma da gurabensa, na suna, na kwanan wata, na lambar kati, na gari. Mu ɗauki ɗakin awo na asibitin unguwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa, maimakon huɗu na da. Ke nan mace ɗaya mai jin magana za ta bar layi takwas a littafi. In akawu ya ƙirga layuka ya rubuta "mata ɗari takwas sun zo awo", mai yiwuwa mata ɗari ne masu naci. Yana kuma iya zama mata ɗari takwas ne da kowacce ta leƙo sau ɗaya ba ta sake waiwayowa ba. Na farko abin a yi wa ungozoma kyauta ne, na biyu abin a kira taron gaggawa ne, amma a kan takarda lamba ɗaya ce.

Harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi sunansa SQL, kuma ya girmi yawancin masu fama da shi yau. A kamfanin IBM aka haife shi: Edgar Codd ya fitar da tsarin jadawali masu alaƙa da juna a 1970, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina harshen a kai bayan 'yan shekaru, a 1986 aka yi masa ƙa'ida ta bai-ɗaya a Amurka. A cikinsa akwai ƙirga iri uku masu kama da juna, kuma nan ne ake zamewa. A ce shafin yau yana da layi goma. Biyu daga ciki an bar gurbin lambar kati fayau, don matan sun manto katinsu a gida kuma layi ya yi tsawo. Sauran takwas ɗin na mata biyar ne, don wasu an rubuta su wurin gwajin jini, an sake rubuta su wurin karɓar magani. Ka rubuta COUNT(*), ya ce maka goma, layuka ya ƙirga. Ka rubuta COUNT(lambar_kati), ya ce takwas, ya tsallake guraben da ba komai. Ka rubuta COUNT(DISTINCT lambar_kati), ya ce biyar, kowace lamba sau ɗaya ya ɗauke ta komai yawan fitowarta. Goma, takwas, biyar, daga shafi ɗaya, kuma babu ta ƙarya a ciki. Wacce za ta shiga rahoto? In kun taɓa aiki a ofis kun san amsa: wadda za ta sa oga murmushi.

Na ga ƙanena mai jakar kwamfuta a baya yana ta ɗaga yatsa. "Ai shi ke nan, Yaya, a sa DISTINCT a wuce wurin, minti ɗaya ma ya yi yawa." Sannu, injiniya. Zo nan kusa. A kan wane gurbi za ka sa shi?

A kan suna, ko? Madalla. Ga littafin, karanta mini. Aisha, A'isha, Aishatu, A'ishatu, Aysha, sai kuma Indo, don ranar nan surukarta ce ta rako ta, ita ta ba da sunan. Mace ɗaya, kwamfuta ta ce shida. Hauwa ta zo a Hauwa'u, ta dawo a Hawwa, ta sake dawowa a Kulu. Kada ma a je kan Muhammad, wanda akawu ɗaya kan rubuta shi Muhammadu da safe, Mohammed da hantsi, Moh'd in hannu ya gaji, Muhd in an kusa tashi, shi kuwa mai sunan Mamman ake kiransa a gida. Abubakar yana nan a Garba, yana nan a Habu, yana nan a Buba. Ka ce za ka haɗa da sunan miji don ka tantance? Tambayi baiwar Allah sunan mijinta a gaban jama'a ka gani. Za ta sunkuyar da kai ta ce "Malam", ko ta waiwaya ta nemi wata ta faɗa mata. In yaron da ta kawo rigakafi ɗan fari ne, nan ma sai an yi da gaske. Alkunya ta riga kwamfuta zuwa ƙasar nan, kuma ba ta da niyyar tashi ta ba ta wuri.

Wannan ɓarnar gefe ɗaya ke nan, inda mutum ɗaya ya zama shida. Akwai ta ɗaya gefen, wadda ta fi ta muni don ba ta ƙara. Shiga kowace makarantar firamare a Kano ko Katsina ko Maraɗi ka kira "Fatima Muhammad" ka ga hannu nawa za su tashi. Yara bakwai daban-daban, kowacce da uwarta, amma rubutun sunansu iri ɗaya ne, sai DISTINCT ya dunƙule su ya ce ɗaya. Shida sun ɓace ba tare da kowa ya yi kuka ba. Ka ce za ka ƙara da ranar haihuwa? Je ka duba yawan dattawanmu da takardunsu suka ce an haife su ranar 1 ga Janairu. Ba wai iyayenmu sun haɗa baki ba ne, mai cike fom ne ya tambaya aka ce masa "shekarar da aka yi fara", shi kuma ya ga gurbin ba ya karɓar fara.

Abin dariyar shi ne kurakuran biyu suna iya cinye juna. An ƙara hamsin nan, an rage hamsin can, jimilla ta fito daidai da abin da ake tsammani, kowa ya tafa, a sa hannu.

"To a bar sunan mutane, ai su ne rikici. Sunan gari fa, shi ma zai gagara?" Allah ya gafarta Malam, jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, ɗan firamare ma ya sani. Ka ba ma'aikata ashirin fom su cike da hannu, sannan ka ce wa kwamfuta ta ƙirgo maka ƙananan hukumomi daban-daban da ke gurbin. In ta tsaya a 44 ka zo ka karɓi goro. Za ka ga Ɗambatta da Dambatta da Danbatta da Dambata. Za ka ga Dawakin Kudu da D/Kudu, Tudun Wada da T/Wada, Garun Malam mai lam ɗaya da mai biyu, Ƙaraye mai lanƙwasa da Karaye maras ita, don a wurin na'ura Ƙ da K baƙaƙe biyu ne da ba su haɗa komai ba. Akwai ma wadda ido ba ya gani: wani ya danna tazara ɗaya bayan ya rubuta Gwale, wani bai danna ba, a wasu manhajojin sun zama gari biyu. Na ji Bazazzagi na ƙyaƙyata dariya, wai Kanawa sun saba ƙara wa kansu yawa. Bi a hankali, maƙwabci. Taku 23 ce, amma tsakanin Zangon Kataf da Zango Kataf da Z/Kataf, da Jema'a da Jemaa, da Birnin Gwari da B/Gwari, ku ma kun kusa neman a ba ku jiha ta biyu.

In kuma aka gyara rubutun tsaf aka hau matakin ƙasa, sai abin ya juye. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, amma in ka ƙirga sunaye daban-daban ba za su kai ba. Akwai Bassa a Filato, akwai Bassa a Kogi. Akwai Obi a Binuwai, akwai Obi a Nasarawa. Surulere na Legas, Surulere na Oyo. Ifelodun da Irepodun kowacce na Kwara kuma tana Osun. Nasarawa kanta ƙaramar hukuma ce a cikin birnin Kano, ƙaramar hukuma ce kuma a jihar Nasarawa. Wanda ya ƙirga suna kaɗai ya haɗe mutanen Filato da na Kogi a tukunya ɗaya. Sai an haɗa gurbin jiha da na ƙaramar hukuma a ƙirga su tare, ko kuma, abin da masu hankali ke yi, a ba kowacce lamba tata, a hana kowa rubutawa da hannu, sai dai ya zaɓa daga jerin da aka tanada.

Har su manhajojin ma ba bakinsu ɗaya ba. MySQL da SQL Server, a yadda aka saba girka su, suna ɗaukar KANO da Kano abu ɗaya. PostgreSQL da Oracle suna ce musu biyu. Oracle kuma yana ɗaukar rubutun da ba harafi ko ɗaya a cikinsa tamkar gurbin da ba a taɓa cikewa ba, sauran suna bambanta su. Ke nan ofis biyu na iya riƙe bayanai iri ɗaya, su yi tambaya iri ɗaya, su kawo amsa biyu gaban kwamishina, kowa na rantsuwa, kuma kowa da gaskiyarsa.

Lambar waya fa? Na san a nan Hajiya mai sayar da atamfa za ta tsaya, don ita da waya take gane abokan cinikinta. Hajiya, yarinyar shagonki ta rubuta lamba ɗaya sau uku: da 0803, da 234803, da +234803. Ta zuba su a Excel, shi kuma ya ga lamba ce ya haɗiye sifirin farko, ta zama iri na huɗu. Ga mai siye ɗaya da layi uku, na MTN don kira, na Airtel don data, na ukun don gudun masu bin bashi. Ga kuma gida guda, mata huɗu da 'yan mata, duk lambar maigida suke bayarwa. Ki gaya mini abokan ciniki nawa gare ki.

Yanzu ga inda nake so manyan ofis su cire gilashi su saurara, don wannan kuskuren ba na yaran da ke shigar da bayanai ba ne, naku ne, da alƙalaminku kuke yin sa. A ce komai ya tafi daidai, kowace mace da lambar katinta. Rahoton Janairu ya ce mata ɗari, na Fabrairu ɗari, na Maris ɗari. Aka ce a kawo na wata uku. Me kuke yi? Ku ja layi a ƙasa ku rubuta ɗari uku. A'a, ranku ya daɗe. Wadda ta zo a Janairu ita ce ta dawo a Fabrairu, ciki ai ba wata ɗaya yake yi ba. Amsar tana wani wuri tsakanin ɗari da ɗari uku, kuma babu wata dabarar lissafi da za ta fito muku da ita daga waɗannan lambobi ukun. Sai an koma kan layukan asali an sake ƙirgawa daga farko. Kuɗi ana tara su, allurai ana tara su, ziyara ana tara ta. Adadin mutane daban-daban ba ya taruwa, ko ta wata, ko ta gari. Mace ta yi awo a asibitin ƙauyensu, aka tura ta babban asibiti a birni, kowane ya ƙirga ta sau ɗaya, kowane ya yi daidai. Ƙaramar hukuma ta haɗa, ta zama mata biyu.

Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, kuma ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar da ƙasashe da dama ke aiki da ita, yawancin abin da ke shiga cikinta daga ƙananan asibitoci jimillar wata ce. Sunaye suna nan kwance a babban littafi a kan teburin asibiti, lamba ce kawai ke hawa sama. Wanda ke zaune a Abuja ko Yamai ba shi da hanyar sanin wace ce ta maimaitu. Shi ya sa littafin ya ware gurbin zuwan farko daban da na dawowa, dabara mai kyau ƙwarai, muddin mai riƙe da biro ya tambaya kuma aka gaya masa gaskiya. Manhajar na da ɓangaren bin mutum ɗaya-ɗaya, amma wannan sai da na'ura a hannun ma'aikaci, da wuta, da intanet, ku kuwa kun san yadda muke da waɗannan ukun.

Ƙanena injiniya, dawo, ban gama da kai ba. Kai naka laifin wurin haɗa jadawali ne. Kana da jadawalin ɗalibai, kana da na biyan kuɗin makaranta, ka haɗa su don ka fitar da rahoto ɗaya. Kowane ɗalibi ya biya zango uku, sai ya fito sau uku, makaranta mai yara ɗari biyu ta wayi gari da ɗari shida. Ka lura, ka ji kunya, ka yayyafa DISTINCT a ko'ina don a rufa asiri. A kan ƙirga yara ya yi maka aiki. Sai zumuɗi ya ɗebe ka ka sa shi a kan tara kuɗi, SUM(DISTINCT kudi). Yara ɗari biyu kowa ya biya dubu biyar, kwamfuta ta duba ta ga adadi iri ɗaya ne ke ta maimaituwa, ta ɗauki guda ta watsar da saura, ta ce abin da makaranta ta samu duka-duka dubu biyar ne. Je ka kai wa mai makaranta wannan takardar, amma ka tsaya kusa da ƙofa.

Na ji wani ya yi tsaki. "Duk wannan surutun 'yan boko ne. Ina ruwan talaka da layi da gurbi?" To bari mu yi maganar kuɗi, tunda ita ce ba a yi mata gyangyaɗi. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke manne da zanen yatsun mutum, komai yawan asusunsa. A Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun na minista, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, abin da ta ce ya rage kimanin naira biliyan 2.29 a kowane wata. Ba wani siddabaru aka yi ba. An ajiye jerin sunaye a gefe, an ajiye lambar BVN a gefe, aka tambaya: sunaye nawa, mutane nawa? Aka tarar da sunayen da ba su dace da masu asusun ba, da mutum ɗaya mai shan albashi ta kafa fiye da ɗaya. Ma'aikacin bogi layi ne a jadawali wanda ba shi da kai. Shekara da shekaru ana ƙirga layuka ana biya.

In kuɗi bai tashe ku ba, siyasa za ta tashe ku. Rajistar masu zaɓe ta 2011 ta ɗauki mutum miliyan 73.5. A 2015, bayan hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta bi ta da manhajar gwada zanen yatsu, sai ta dawo miliyan 68.8, duk da sababbin da aka yi wa rajista a tsakani. Ba annoba aka yi ba, maimaici aka tsince. A rajistar da aka rufe a Yulin 2022, mutum 12,298,944 suka kammala, hukumar ta soke 2,780,756, sama da kashi ɗaya cikin biyar, saboda rajista fiye da sau ɗaya, da ƙarancin shekaru, da na jabu. Da aka haɗa abin da ya rage da tsohuwar rajista, aka sake tacewa, aka kai 93,469,008 na zaɓen 2023. Ga kuma layukan waya: alƙaluman hukumar sadarwa ta NCC sun haura miliyan 200 na tsawon lokaci, har wasu na hawa mumbari suna cewa kusan kowane ɗan Najeriya na da waya, har jarirai ke nan. Bayan an rufe layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba kuma aka tsefe lissafin kamfanoni, ƙarshen 2024 ya same su ƙasa da miliyan 170. Su ma ɗin layuka ne, ku duba aljihunku ku ga nawa ne naku a ciki.

Amma kada ɗan adawa ya yi saurin miƙewa da kirarin an kama ɓarayi. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, sai dai ba kowane maimaici ne sata ba. Tsohuwa ta ɓatar da katinta, ta ga layi a makarantar unguwa, ta shiga aka sake ɗaukar hotonta. Magidanci ya tashi daga Gusau ya koma Kaduna, bai san ana neman sauyin rumfa ba, ya yi sabuwa. Kwamfuta na iya gaya maka yatsan nan ya fito sau biyu, ba ta iya gaya maka niyyar mai yatsan. Ni a ganina ma akwai haɗarin da ya fi wannan. Da zarar an ce da lamba za a ƙirga, duk wanda ba shi da lamba ya fita daga lissafi. Ku tuna matan nan biyu da suka manto kati, waɗanda ƙirga ta uku ta tsallake ba ta ko yi tari ba. A rabon tallafi, waɗannan su ne tsoffi da makiyaya da 'yan gudun hijira, waɗanda aka yi shirin dominsu tun farko. Rahoton kirki kan faɗi lamba uku a jere: layuka kaza, masu lamba daban-daban kaza, marasa lamba kaza. Mai ɓoye ta ukun, ku tambaye shi dalili.

"To mu da ba mu da wani SQL, Excel kawai muka sani?" Ku ne ma kuka fi yawa, kuma ku kuka fi shan wuya. Masu Microsoft Access sun san ciwon: shi sam bai yarda da COUNT(DISTINCT) ba, sai ka fara tace jerin a tambaya ɗaya, sannan ka ƙirga abin da ya fito a ta biyu. A Excel kuwa, shekaru da dama dabarar tsofaffin akawu ita ce haɗa SUMPRODUCT da COUNTIF, kuma ina son dabarar nan don akwai wayo a ciki. In suna ya fito sau huɗu, kowace fitowa a ba ta rubu'i. In sau biyu, rabi-rabi. In sau ɗaya, ɗaya cur. A tara duka, kowane suna ya koma ɗaya. Wato a yanka Musa gida huɗu a sake ɗinke shi. Aibinta biyu: gurbi ɗaya da ba komai ya isa ya sa ta yi kukan an raba da sifiri, sannan kowane layi sai an gwada shi da dukkan sauran. Layi 50,000 gwaji biliyan biyu da rabi ke nan, ka danna ka tafi sallar azahar, ka dawo tana nan tana nishi. Daga Excel 2013 an sa wannan ƙirgar a cikin jadawalin taƙaitawa, sababbin fitowa kuma suna da UNIQUE. Amma duk cikinsu babu wanda ya san Indo ita ce A'isha.

Saura masu cewa wannan matsalar ƙasashenmu ce, can wurin Turawa komai ƙirge yake cif. Ku matso in raɗa muku: manyan ma kintace suke yi. Ƙirga abu daban-daban cif-cif na bukatar na'ura ta tuna duk wanda ta taɓa gani, don ta gane shi in ya dawo. In abin ya kai biliyoyi, wannan tunawar tsada gare ta. A 2007 wani masanin lissafi Bafaranshe, Philippe Flajolet, da abokan aikinsa suka fitar da dabarar da suka kira HyperLogLog. Kowane suna ko lamba ana markaɗa shi ya zama dogon jerin sifiri da ɗaya mai kama da na caca, amma abu iri ɗaya kullum jeri iri ɗaya yake bayarwa, don haka maimaici ba ya ƙara komai. Rabin jerin za su fara da sifiri, rubu'i da sifiri biyu, mai farawa da sifiri goma a jere kuwa sai ɗaya cikin 1,024. Ke nan in ka ga mai sifiri goma ya gifta, alama ce ka ga abubuwa daban-daban wajen dubu. Kintace ɗaya na iya yin wawan kuskure, sai a raba aikin gida dubbai a haɗa amsoshin. Manhajar Redis na yin haka da gida 16,384, a wurin ajiya da bai wuce kilobayit 12 ba, ƙasa da hoto ɗaya a wayarku, kuskurenta kuma na yau da kullum kashi 0.81 cikin ɗari. Wani abin daɗin, irin wannan ƙirgar ana iya haɗa ta Janairu da ta Fabrairu ba tare da an ninka kowa ba, abin da ya gagari oga da alƙalaminsa ɗazu.

Google Analytics ma da gyararren nau'in wannan dabarar yake kintata adadin masu ziyara. Saboda haka, ɗan'uwa mai jaridar intanet, da kake zuwa wurin masu talla kana bugun ƙirji da "masu karatu 48,213" har da ukun ƙarshe, lambar kintace ce, kuma galibi na'urori ta kintata, ba mutane ba. Wayarka ɗaya, kwamfutar ofis biyu, wayar uwargida da kake ara in datarka ta ƙare uku. Ukun nan na ƙarshe da kake taƙama da su, kai ne.